Sanƙarau a Garwa: Tarihin Annobar Bazara da Yadda Aka Koya wa Jini Tuna Abokin Gaba

Duk wanda ya yi bazara a Garwa ya san watan Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne. Kogin Binuwai ya janye ya bar yashi, zafi ya wuce digiri 40, hanci ya bushe har wani ya yi haɓo. A wannan lokaci ne iyayenmu suke ambaton sanƙarau da ƙaramar murya. Mun taso muna jin ana cewa zafi ne ke kawo shi, kuma da zarar ruwan farko ya sauka sai ya ɗauke. Rabin maganar gaskiya ne. Ina so in bi tarihin ragowar rabin, domin labari ne na jini da garkuwar jiki, kuma ƙasarmu tana tsakiyarsa.

Cutar ba ta daɗe a nan kamar yadda ake zato ba. Likita Vieusseux ne ya fara bayyana annobarta a birnin Janeba a 1805, sannan a 1887 Anton Weichselbaum ya ga ƙwayar da ke haddasa ta a Biyana. A yankinmu, babbar annobar farko da aka rubuta ta auku a arewacin Nijeriya a 1905, shekara huɗu bayan Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi. Daga nan ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru, ta ratsa ƙasar Hausa, Borno, Adamawa da bakin tafkin Cadi, ba ruwanta da iyakar Ingilishi ko Bafaranshe. Wasu masana suna ganin ta hanyar Sudan ta shigo, hanyar da alhazan ƙasa suke bi.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara rahotannin shekaru masu yawa ya ɗora su kan taswira. Sai ya ga annobar tana zaune ne a wani ziri da ke samun ruwan sama tsakanin milimita 300 zuwa 1,100 a shekara. Shi ne ake kira zirin sanƙarau, wanda a yau ake lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal zuwa Habasha. Garwa da Marwa da Kano da Maraɗi duk suna ciki.

To me ya haɗa ruwan sama da ciwon wuya? Amsar ta fara fitowa daga Zariya. Brian Greenwood da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello sun shafe shekarun 1970 suna binciken cutar, har da ƙauyukan Malumfashi. Sun tarar ƙwayar ba ta tafiya ko'ina da damina. Tana nan zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya, tana yawo daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa da kwana ɗaki ɗaya. Abin da ke sauyawa da rani shi ne jikinmu. Bayan hanci da maƙogwaro akwai wani tantani mai laima da majina ke lulluɓe shi, shi ne katangar farko. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna raunana shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da zarar ƙwayar ta faɗa cikin jini, zuciya ce da kanta ke yi mata dako. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, kuma zuciya tana zagaya da shi duka a cikin kusan minti ɗaya. Tun ƙarni na 13 Ibn al-Nafis ya bayyana a Alƙahira cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya, sannan William Harvey ya tabbatar da cikakken zagayen a 1628. Wannan zagaye da ke kai iska da abinci ko'ina, shi ne ke kai ƙwayar har ƙananan jijiyoyin kai. Can akwai shinge mai tsauri tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, amma wannan ƙwaya tana cikin 'yan kaɗan da ke iya ƙetare shi. Sai ta shiga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, inda masu gadi ba su da yawa, ta hayayyafa. Tantani uku da suka naɗe ƙwaƙwalwa su kumbura, wuya ya sanƙare. Daga nan sunan ya fito. Wani lokaci ma ba ta jira ta kai kai: gubarta ta sa jijiyoyin jini su yi yoyo, bugun jini ya faɗi, tabo ya fito a fata, yaron da ya yi wasa da safe a rasa shi kafin asuba. Ko da magani, kusan ɗaya cikin goma yana mutuwa, kuma ɗaya zuwa biyu cikin goma na waɗanda suka tashi suna tashi da kurumta ko wata naƙasa.

Mai karatu zai ce, ina garkuwar jiki take? Tana nan. Akwai fararen ƙwayoyin jini da ɓargo ke ƙerawa, masu haɗiye baƙo. Akwai saifa, wadda ke tace jini kamar rariya. Shi ya sa masu sikila, da saifarsu ke lalacewa tun suna ƙanana, suka fi shiga haɗari. Sai dai ƙwayar sanƙarau tana sanye da riga ta sukari mai santsi, wadda ke hana masu gadi kama ta. Ba a iya damƙe ta sai in jini yana da wasu sinadaran kariya da aka ƙera daidai da wannan riga, su manne mata su nuna ta. Jariri yana samun irinsu daga uwa ta mabiyiya, amma cikin 'yan watanni suke ƙarewa. Rigar kuma iri-iri ce, likitoci suka sa musu haruffa: A, B, C, W, X, Y. Kariyar wata ba ta aiki a kan wata. A zirinmu, mai rigar A ce ta yi kusan ƙarni ɗaya tana mulki.

A 1969 Emil Gotschlich da abokansa a Amurka suka nuna cewa mai waɗannan sinadarai a jininsa ba ya kamuwa, suka tace sukarin rigar suka yi allura da shi. Ita ce allurar da da yawa daga cikinmu muka bi layi aka yi mana. Ta ceci rayuka, amma tana da rauni uku: ba ta kama yara 'yan ƙasa da shekara biyu sosai, ƙarfinta yana gushewa bayan kimanin shekara uku, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro. Saboda haka sai annoba ta ɓarke ake kawo ta, kamar mai haƙa rijiya bayan gobara ta tashi.

An ga iyakarta a fili. A 1987 cutar ta ɓarke a wurin aikin Hajji, alhazai suka koma da wani sabon nau'in A. A 1988 ta afka wa Injamena, a 1992 ta yi ɓarna a lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru. Sai 1996, shekarar da ba a mantawa: a zirin gaba ɗaya, daga 1996 zuwa 1997, mutum fiye da 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu, Nijeriya kaɗai ta rasa fiye da 11,000. A cikin wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a binciken da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka mutu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003, kuma cutar ta tsallako har Kamaru. Duk mai mamakin dattijon da ke ɓoye jikokinsa in masu allura sun shigo unguwa, ya tuna tsoron yana da asali.

Amma karin maganar macijin ita ce kuma sirrin garkuwar jiki. Jini yana iya tuna wanda ya taɓa sarar sa. Akwai fararen ƙwayoyi iri biyu da ke wannan aiki: na B masu ƙera sinadaran kariya, da na T masu ba su umarni. In na B suka ga sukari zalla, sukan yi aiki na ɗan lokaci su manta, domin na T ba sa kula sukari, furotin suke ganewa. Dabarar ita ce a ɗaure sukarin rigar A a jikin wani furotin, aka zaɓi gubar cutar sarƙewar haƙora da aka kashe wa dafi. Ƙwayar B ta haɗiye su tare, ta nuna wa ta T furotin, ta T ta ba da izini, sai a samu ƙwayoyin tuni masu daɗewa shekaru, har a jikin ƙaramin yaro. Kariyar kuma tana kaiwa maƙogwaro, wanda aka yi wa ba ya ɗauka balle ya kai wa wani.

Turai ta riga ta san wannan dabara, kuɗi ne matsalar. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da allurar da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Jami'an lafiya na Afirka suka ce in ta wuce rabin dala ba za su iya saya ba. Kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya ya karɓi sharaɗin. Aka sa mata suna MenAfriVac, aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso ranar 6 ga Disamba 2010, tare da Mali da Nijar. A ƙarshen 2011 ta iso jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. A maƙwabciyarmu Cadi an auna sakamakon: a yankunan da aka yi allurar, sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari a bazarar 2012. Cikin 'yan shekaru nau'in A ya kusa ɓacewa daga zirin.

Garwa tana da nata hannu a wannan tarihi. Reshen Cibiyar Pasteur da ke garin yana karɓar ruwan laka daga asibitocin arewa yana tantance harafin ƙwayar. A 2007 da 2008, tun kafin sabuwar allura ta zo, masu binciken wurin suka ba da rahoton cewa nau'in W ne suke samu a arewacin Kamaru. Gargaɗi ne cewa ba A kaɗai ke cikin dajin ba. Haka kuwa aka yi: nau'in C ya taso daga Sakkwato da Kabi a 2013 da 2014, ya afka wa Yamai a 2015, ya kashe fiye da mutum dubu a Nijeriya a 2017, musamman Zamfara. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai haruffa biyar, A, C, W, X da Y.

Abin da ya sa na ɗauko wannan dogon tarihi shi ne, tunin da allura ke sa wa jini ba a gadonsa. Yaran da aka haifa a Yelwa ko Rumde Ajiya bayan 2011 ba su cikin wancan layi, kuma yanzu sun fara zama samari da 'yan mata, da yawansu suna kwana a cunkushe a makarantun allo da na kwana. Ba su taɓa ganin annoba ba, iyayensu ma sun fara mantawa. Uwa da uba su duba katin riga-kafi, su tambaya a asibiti wace allura aka yi wa yaro, wace ta rage. Muna da haƙƙin tambayar mai allura me ya kawo, daga ina, me take yi. Kano ta koya mana wannan. In kuwa bazara ta yi, yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, wuya ya ƙi lanƙwasa, ko maɗigar jariri ta kumbura, kada a tsaya jiƙo ko ƙaho, kada a ce sai gari ya waye. Awoyi ne tsakanin warkewa da kurumta, ko abin da ya fi haka.

Allah ya kare mana zuri'a, ya jiƙan waɗanda annobar ta ɗauka.