Kotunan Shiga Tsakani kan Safarar Mutane a New York

Kotunan Shiga Tsakani kan Safarar Mutane kotuna ne na musamman a jihar New York ta Amurka, masu sauraron ƙarar waɗanda ake tuhuma da karuwanci. Babban alƙalin jihar na wancan lokacin, Jonathan Lippman, ya sanar da kafa guda 11 ranar 25 ga Satumba, 2013, bisa tsarin da aka fara a yankin Queens na birnin New York a 2004.

Maimakon ɗauri, alƙali kan tura wadda ake tuhuma zaman ba da shawara wurin ƙungiyoyin agaji. Idan ta kammala, kuma aka yi wata shida ba a sake kama ta ba, sai a kori ƙarar, a rufe fayil ɗinta. Masu suka na cewa taimakon ba ya zuwa sai bayan 'yan sanda sun yi kame.