Tukunya da Bindiga: Matan Ƙauyukan Filifin a Yaƙin Duniya na Biyu

Na san da yawa daga cikinku kun taɓa jin tsofaffi suna labarin yaƙin Boma, inda kakanninmu suka gwabza da sojojin Japan. To, waɗannan sojojin dai su ne suka auka wa ƙasar Filifin, mai tsibirai sama da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, a watan Disamba na 1941. Kafin tsakiyar 1942 sojojin Amurka da na ƙasar sun miƙa wuya.

Amma manoma ba su miƙa ba. A watan Maris na 1942, a tsibirin Luzon, suka kafa rundunar yaƙin sunƙuru mai suna Hukbalahap, ƙarƙashin Luis Taruc. Su fito su kai hari, su koma daji ko fadama su ɓace.

To 'yar'uwa, wanda ke ɓoye a daji ai ba ya noma. Wa ke ciyar da shi? Matan ƙauye ne. Su ke dafa shinkafa su aika, su yi jinyar wanda aka harba, su kai saƙo daga wannan ƙauye zuwa wancan. Soja ya zo yana tambaya, su ce ba su ga kowa ba, alhali sun san in asiri ya tonu, ana iya ƙone ƙauyen ƙurmus.

Wasu ma bindigar suka ɗauka. Remedios Gomez, wadda ake kira Kwamanda Liwayway, ta shiga daji bayan Japanawa sun kashe mahaifinta. Har ta zama shugabar mayaƙa ba ta bar shafa jan-bakinta ba kafin ta fita fagen fama.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Rosa Henson. Yarinya ce mai tara wa mayaƙa abinci da magani. A 1943, tana da shekara 15, sojoji suka tsare ta a wani shinge, suka kulle ta wata 9 suna keta mata haddi, har mayaƙan suka kuɓutar da ita. Yaƙi ya ƙare a 1945, ƙasa ta sami 'yanci a 1946, ita kuwa ta haɗiye abin kusan shekara 50. Sai a 1992 ta fito ta faɗa wa duniya, ita ce ta farko a ƙasar. Daga nan wasu matan suka sami ƙarfin halin yin magana.

Kun ga an ci moriyar tukunyarsu, amma ciwonsu su kaɗai aka bari da shi. Don haka in akwai tsohuwa a gidanku, ku zauna ku saurare ta tun tana raye, kuma kada ku katse ta in ta zo wurin da ke da ɗaci.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.