Daga Kokwanto Zuwa Bangaskiya: Tarihin Aƙidar Tashin Almasihu a Kudancin Damagaram

Gabatarwa

Idan ana koyar da tarihin kudancin Damagaram a azuzuwanmu, abin da aka fi kawowa shi ne labarin ƙasashen Sosebaki, wato Dungas da Waca da Mirya, da yadda sarakunan Daura na dā suka watsu zuwa Zango da Baure da Magarya bayan jihadi, da ƙarfin Sarki Tanimun, sai kuma shigowar Faransawa a shekara ta 1899. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani ɗan reshe na tarihin da ba a cika taɓawa ba, wato labarin Hausawan da suka karɓi addinin Almasihu. Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba, sai dai maƙwabtanmu ne, ƴaƴansu kuma suna zaune a kan benci ɗaya da namu a lakwal. Masu iya magana na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun tambaya guda: ta wace hanya Bahaushe, wanda ya tashi cikin ƙasar da Musulunci ya yi ƙarnuka da kafuwa, ya fita daga kokwanto har ya gaskata cewa Almasihu ya mutu kuma ya tashi?

Inda aka haɗu da inda aka rabu

Ƴan mishan ba su kawo wa Musulmin ƙasar Hausa labarin tashin matattu a matsayin baƙon abu ba. Imani da ranar lahira yana cikin shika-shikan imani guda shida, kuma duk yaron da ya riƙe allo ya ji labarin tashin ƙiyama da hisabi. Su kuwa Arna, masu addinin gargajiya, ibadarsu ta fi karkata ga neman damina mai albarka da lafiya da haihuwa ta hanyar iskoki da tsafin gida.

Wurin rabuwar yana kan Annabi Isa. Kiristoci sun gaskata cewa an gicciye shi a Urushalima zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, wanda ya riƙe ƙasar Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, ya mutu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku, tashinsa kuma shi ne jinginar tashin masu binsa. Alƙur'ani kuwa, a aya ta 157 da ta 158 na Suratun Nisa'i, ya koyar da cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi. Ke nan kokwanton da mai wa'azin bishara ya tarar a kasuwar Damagaram kokwanto ne mai nassi a bayansa, mai malamai masu kare shi.

Abin lura shi ne, littattafan Kiristoci da kansu ba su ɓoye shakka ba. Luka ya ba da labarin yadda almajirai suka ɗauki zancen matan da suka tarar da kabari a buɗe a matsayin tatsuniya. Yohanna ya kawo labarin Toma, wanda ya ƙi yarda sai ya ga gurbin ƙusoshi da idonsa. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna yadda wasu mutanen Atina suka yi wa Bulus ba'a da ya ambaci tashin matattu. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, wadda aka rubuta wajen tsakiyar shekarun 50, ta keɓe babi na 15 gaba ɗaya don amsa wa ƴan ikilisiya masu musun wannan aƙida. Don haka Bahaushen da ya yi kokwanto, da ya buɗe littafin sai ya tarar an riga shi.

Dorugu, ɗan ƙasar Kance

Kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar Damagaram, wani ɗan ƙasar ya riga ya ba Linjila harshensa. An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a ƙauyen Dambanas, a yankin Kance mai iyaka da Magarya. An kama shi bawa yana yaro, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴantar da shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Dorugu da abokinsa Abbega, Bamargi, suka bi Heinrich Barth har Tumbutu, sannan suka isa Ingila tare da shi a 1855.

A can ne Dorugu ya zauna gidan James Frederick Schön, malamin mishan na CMS, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa tun tafiyarsa ta kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Daga bakin wannan yaro Schön ya tsinci mafi yawan Hausar da ya rubuta. Fassarar Linjilar Matta ta fito a 1857, littafin nahawu a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, sai Magana Hausa a 1885, wanda ke ɗauke da labarin rayuwar Dorugu kamar yadda ya faɗe shi. An yi wa samarin biyu baftisma a Ingila. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya ya koma Musulunci, har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya komo a 1864, ya yi aikin tafinta da koyarwa, ya rasu a Kano a 1912, yana cikin ma'aikatan makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa. Labarin abokan nan biyu ya nuna cewa hanyar da ke tsakanin kokwanto da bangaskiya ana bin ta gaba, ana bin ta baya. Ya kuma tuna wa malaman Hausa cewa daga cikin littattafan farko da aka buga da boko akwai waɗanda Hausar kudancin Damagaram ce a cikinsu.

Isawa

Misali na biyu daga cikin zauren malamai ya fito. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon mulki a 1855, wani malami mai suna Ibrahim ya dage kan nazarin matsayin Annabi Isa a cikin Alƙur'ani, ya tara almajirai da aka riƙa kira Isawa. An zartar masa da hukuncin kisa a Kano wajen shekara ta 1867, mabiyansa suka watsu, wasu suka fake a ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je Zariya wurin Likita Walter Miller na CMS suna neman ƙarin bayani. Waɗanda suka karɓi baftisma sun kafa ƙauyen Gimi, amma cikin ƴan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, dole aka bar wurin. Waɗanda suka rage suna cikin tushen ikilisiyar Wusasa, inda mishan ta koma a 1929. Mutanen da aka koya wa cewa mutuwa ba ita ce ƙarshe ba, jarrabawarsu ta farko haƙa kaburburan ƴan uwansu ce.

Miller ne ya jagoranci aikin da ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Masu fassara sun yi ta muhawara kan kalmomi. Sun riƙe sunan Allah, amma sun zaɓi Yesu a madadin Isa, don bambanta wanda Linjila ta ce an gicciye da wanda Alƙur'ani ya ce ba a gicciye ba. Ta haka aka samu wata Hausa ta majami'a, inda bangaskiya ta tsaya a gurbin imani, bishara da ceto kuma suka sami sabuwar ma'ana.

Zuwan mishan Damagaram da Dungas

Ƙungiyar da ta kawo bishara yankinmu ita ce SIM, wadda samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka soma da saukarsu Ikko a 1893. Cikin shekara ta 1894 biyun farko sun mutu ba su musanya zuciyar ko mutum ɗaya ba, Bingham kaɗai ya tsira. Sai a 1902 ƙungiyar ta kafa tasharta ta farko a Pategi. Ta buɗe tashar Damagaram a 1924, lokacin da birnin yake hedikwatar mulkin mallaka, kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Tsibiri ta ƙasar Gobir ta biyo baya, daga bisani aka kafa tasha a Dungas, aka buɗe asibitin Galmi a 1950 da gidan jinyar kutare na Danja kusa da Maraɗi a 1956. Su kuwa ƴan Katolika sun soma aikinsu a Yamai a 1931.

Turawan mulki suna kallon waɗannan baƙi masu jin Ingilishi da idon tuhuma, dokar 1922 kuma ta wajabta koyarwa da Faransanci a kowace lakwal. SIM ta dogara ga Hausa wajen wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki. Wannan ya jinkirta shigar ƴaƴan masu bi cikin aikin gwamnati, amma ya haifar da manoma maza da mata masu karanta Hausar boko a ƙauyukan da lakwal ba ta kai ba. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ba ta hana komai ba: ta hanyar Babura da Maigatari, inda ƴan cin rani da fataken gyaɗa ke kai da kawowa, littattafai da masu wa'azi suka riƙa shigowa daga Kano da Jos. Daga baya rediyo ya ƙaru, da tashar ELWA ta Laberiya wadda ta soma a 1954, da shirye-shiryen Muryar Bishara. A farkon shekarun 1960 majami'un da SIM ta haifa suka haɗu cikin ikilisiyar ƙasa da ake kira EERN, ragamar kuma ta soma komawa hannun ƴan ƙasa.

Wa zai binne ni?

Duk da wannan ƙoƙari na shekaru masu yawa, waɗanda suka bi kaɗan ne, kuma da yawa daga na farko marayu ne da majinyata da yaran da suka yi aiki a gidan mishan. Dalilin yana cikin tsadar abin. Mutumin da ya bar addinin gidansu yana iya rasa matarsa idan surukai suka janye ta. A fiƙihun Malikiyya bambancin addini yana hana gado, gona kuwa ita ce rayuwa. Sama da duka akwai tambayar da kowane Bahaushe ya san nauyinta: ranar da na mutu, wa zai yi mini wanka, wa zai ɗauki makarata, ina za a sa ni? Saboda haka, a wurin mai bi na farko a ƙauyensu, gaskata tashin matattu yana nufin amincewa a binne shi nesa da iyayensa. Wannan ne ya sa neman filin maƙabarta ya zama babban al'amari ga ƙananan ikilisiyoyi.

A nan harshen manomi ya taimaka. Bulus ya amsa wa masu shakka na Korinti da misalin ƙwayar hatsi wadda sai ta ruɓe a ƙasa take tsira da sabon jiki. Manomin Magarya ya san wannan a aikace. Idan damina ta yi jinkiri, yakan ɗebi irin geron da ya hana wa bakin ƴaƴansa tun kaka, ya sari busasshen rairayi, ya zuba, ya take da diddige, alhali babu ko gajimare a gabas. Sunan wannan shuka binne, kalmar da muke faɗa wa sanya mamaci a kushewa. Alƙur'ani ma, a Suratul Hajji da Suratur Rum, ya kafa hujjar tashin ƙiyama da matacciyar ƙasa wadda ruwan sama ke rayarwa. Wani abin kuma, bikin Ista, wanda ke faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, a Turai yana zuwa ne lokacin da itatuwa ke toho, amma a wurinmu cikin tsananin bazara yake zuwa, rumbuna sun yi ƙasa, gonaki fayau. Kiristan Dungas yana bikin rai ne tun kafin ya ga ɗanyen ganye.

Jarrabawar 2015

A ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma. Mutane goma suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u da dama, ɗaruruwan Kiristocin Damagaram suka fake a barikin soja. Waɗanda abin ya shafa ba su da hannu a zanen, da yawansu kuma Hausawa ne jikokin waɗanda muka ambata. Tarihi ya kamata ya riƙe cewa akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu, akwai malaman da suka yi tir da ɓarnar, shugabannin majami'u kuma suka yi kira ga yafiya. An sake gina majami'u da yawa a shekarun da suka biyo baya.

Kammalawa

Wannan tarihi ba ya neman kowa ya sauya aƙidarsa. Musulmi zai ci gaba da riƙe abin da Suratun Nisa'i ta koyar, Kirista zai ci gaba da riƙe abin da Linjila ta shaida. Abin da ya rataya a wuyanmu, mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, shi ne mu san cewa ɗalibin da ke zuwa majami'a ran Lahadi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kakanninsa sun biya tsada kafin su tsaya inda suka tsaya. Dattawan da suka ga zamanin mishan a Dungas da ƙauyukanta suna ƙarewa. Ya kyautu ƙungiyoyinmu na Magarya da Dungas su ɗauki labaransu a faifai, tare da na limamai da sarakunan da suka zauna da su, a rubuta da Hausa, a fassara da Faransanci. Ya kyautu kuma sunan Dorugu ya shiga darasin tarihin rubutun Hausa a kolej da lise. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.