Kududdufi: Ramin Da Ya Gina Gari, Ya Kuma Tara Dattinsa

Da wuya a sami tsohon garin Hausa da ba shi da kududdufi, domin daga ramin aka haƙi ƙasar da aka yi tubali, aka tayar da soraye da ganuwa. Haka abin yake a Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda. Idan damina ta sauka ramin ya cika, sai ya zama mashayar dabbobi, wurin wanki, kuma wurin da yara ke koyon iyo. Sai dai kasancewarsa a gangare ya sa duk abin da ruwan sama ya kwaso daga lunguna, can yake ƙarewa.

An daɗe da zargin irin wannan ruwa, tun kafin a san dalili. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ambaci ruwan da ke kwance a cikin birni, irin na Jakara, a cikin abubuwan da ke jawo rashin lafiya. A wancan zamani likitocin Turai wari da gurɓatacciyar iska suke ɗora wa laifi. A 1854 ne John Snow ya danganta annobar kwalara ta wata unguwa a Landan da famfon da mutane ke ɗibar ruwa. Shekara 30 bayan haka, a 1884, Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a cikin wani tafki a Kalkata ta Indiya, inda jama'a ke wanka da wanki, suke kuma sha. Tafkin nan bai bambanta da kududdufinmu ba.

Da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, jama'a suka ƙaru. A shekarun da suka biyo baya kwano ya maye gurbin rufin ƙasa da jinka, siminti da kwalta suka rufe wuraren da a da ke shanye ruwa. Ruwan da ƙasa ta tace yana rasa yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Wanda ya gangaro daga kwano zuwa kwata kuwa, tafe yake da sauri, ɗauke da kashin dabbobi, da bahayan da aka yi a fili, da abin da ya malalo daga masai da mahauta. Ruwan farko ya fi kowane muni, saboda shi ke share dattin rani gaba ɗaya. Rana tana kashe ƙwayoyin da ke saman ruwa, amma waɗanda suka kwanta a laka suna daɗewa, ƙafar yaro ko kofaton saniya na tayar da su. Shi ya sa a wasu biranen Amurka hukuma ke gargaɗi kada a yi iyo sai an kwana 3 bayan ruwa mai ƙarfi.

Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, tun daga nan kuma damina ce lokacinta. A 2021 an ƙiyasta mutum fiye da 100,000 sun kamu, fiye da 3,500 sun rasu, Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Cike kududdufai don a yanka filaye, kamar yadda ake yi a birane da dama, ba ya raba gari da ruwan. Yana tura shi ne cikin gidaje da rijiyoyi, ko ya zarce kogin Gagare da na Bunsuru, inda ƙauyukan da ke ƙasa ke ɗiba. Gyaran yana can sama, a masai da kwata da mahauta, tun kafin hadarin farko ya haɗu.