Daga Handil Zuwa Kafasita: Yadda Muke Tada Mota a Katsina

Kawuna ya yi shekaru yana cajin batir a wata rumfar kwano daura da Ƙofar Ƙaura. Aikina a wurinsa, in an tashi makaranta, shi ne ƙara ruwan batir da kankare farin gishirin nan da ke taruwa a kan batir. Babu rigata ta wancan zamani da asid bai huda ba. A rumfar na ji tarihin tada mota a garin nan, daga bakin tsofaffin direbobin da ke jiran batirinsu ya cika.

Layin dogon Turawa bai shigo birnin Katsina ba, ta Funtuwa ya bi ya nufi Ƙauran Namoda. Shi ya sa bayan raƙuma da jakuna, manyan motoci suka gaji jigilar gyaɗa da fatu zuwa Kano. Tun 1912 Charles Kettering ya sa wa motar Cadillac kik mai aiki da batir a Amurka, amma handil bai bar mota da wuri ba. Tsofaffin Land Rover ma da shi suke zuwa. Yaron mota ya zura ƙarfen a hancinta ya murɗa. Ƙa'idar da ake fara koya masa ita ce kada ya naɗe babban yatsa a jikin ƙarfen, don in inji ya yi tutsu ya juyo baya, sai gidan mai ɗori.

Bayan handil sai turi. Direba mai dabara a gangare yake kwana da mota, da waigi a ƙarƙashin taya. Da asubar hunturu ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci, masu fitowa daga masallaci su sa hannu. Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mutum uku sun ishe ta. Abin da ya kashe turi, a ganina, motocin Kwatano ne masu otomatik da suka riƙa shigowa ta Maraɗi da Jibiya. Waɗannan ko unguwa guda za ta taru ba sa tashi da turi, dole a aro batir ko a jona waya.

Batirin darma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙira a Faransa a 1859, a mota gida shida ne, jimillarsu bolt 12. Kik kuwa mayunwaci ne, a ƙaramar mota yana jan amfiya ɗari biyu ko fiye cikin 'yan daƙiƙu, a babbar mota mai gas ninkin haka. Zafin watan Afrilu shi ke cinye batir a ɓoye, sanyin Janairu kuma ya tona asirinsa: fitila ta kama, hon ya yi ƙara, a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas.

Bara wani rewaya ya zo da ɗan akwati mai wayoyi biyu, ya ce babu batir a ciki, kafasita ce. Kawu, da yanzu sai da sanda, ya ce masa, “Yaro, ai mun san kwandansa tun a distiributar Fijo.” Gaskiyarsa, dangi ɗaya ne, haka ma wadda ke tada fanka. Bambancin girma ne. Wannan babbar, wadda kamfanin NEC na Japan ya fara sayar da irinta a 1978, tana tara wuta ne a jikin wani gawayi mai ƙananan ramuka bila adadin, ba ta jiran asid ya ci darma. Kowane gida bolt 2.7 yake ɗauka, sai a jera biyar ko shida. Rewayan ya jona ta da raunannen batirin wata mota, ta yi ta tsotsar ɗan abin da ya rage kamar minti biyu, sannan ta juye shi gaba ɗaya a kik. Kamar famfo ne mai ɗiga: ba zai kashe gobara ba, amma in an tara a bokiti an watsa, ya yi aiki. Motar ta tashi.

Sanyi bai cika damunta ba, kuma tana jure caji da juyewa sau dubbai masu yawa. A 2010 kamfanin Peugeot ya fara sa ta a wasu motocinsa masu mutuwa da kansu a danja su sake tashi. Masu jiragen ruwa ma suna ware ta ga inji kaɗai, don fitilu su sha batir ba tare da sun taɓa wutar tayarwa ba; a tsakiyar ruwa babu gangare, babu mai turi.

Sai dai cikinta ƙarami ne, kuma in an ajiye ta tana tsiyaye wutar a hankali. Mota ta biyu da aka gwada a ranar famfon manta ne ya lalace. Kik ya juya daƙiƙa huɗu ko biyar, akwatin ya ƙare. Aka sake tarawa, aka sake juyewa, shiru. Kawu ya dube ni ya ce, “Kira yaran can su zo a tura ta inuwa.”