Yadda Ɗan Maƙalen Yatsa Ya Shiga Ɗakin Tiyata

A watan Janairun 1848 aka shaƙa wa wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, maganin kolorofom a kusa da Newcastle ta Ingila, don a cire mata farcen ƙafa kawai. Cikin 'yan mintoci rai ya yi halinsa. Wata 15 ke nan da William Morton ya nuna wa likitocin Boston cewa ana iya yi wa mutum tiyata yana barci, bai san ma ana yi ba.

Shekaru fiye da ɗari bayan haka, mai sa barci da idonsa da yatsarsa ya dogara: ya taɓa jijiya, ya leƙa leɓen mara lafiya. In leɓe ya yi shuɗi, to iskar oksijin ta yi ƙasa. Sai dai kafin launi ya sauya, sau da yawa aikin gama ya gama. A 1954 Henry Beecher da Donald Todd suka bi diddigin marasa lafiya kusan 600,000 a asibitoci 10 na Amurka, suka gano cewa a cikin kowane 1,560, akwai guda da maganin barci ke da hannu a mutuwarsa.

Mafitar daga Japan ta ɓullo, kuma ba ita aka fita nema ba. Takuo Aoyagi, injiniya a kamfanin Nihon Kohden, yana ƙoƙarin auna yawan jinin da zuciya ke turowa ne, bugun jini yana ta ɓata masa lissafi. A 1972 ya lura cewa abin da ke damunsa shi ne amsar: in aka haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin fata, sauyin da kowane bugu ke kawowa zai nuna yawan oksijin da ke jini. Ba allura, ba ɗibar jini. Wannan ne tushen na'urar, ɗan maƙalen da ake sa wa yatsa.

Likitoci ba su yi rububin karɓa ba, sai da uwar bari ta zo. A 1982 tashar ABC ta Amurka ta watsa shiri kan waɗanda suka mutu ko ƙwaƙwalwarsu ta lalace a ƙarƙashin maganin barci, ga kuɗin inshorar likitocin yana ta hauhawa. A 1985 Dokta Ellison Pierce ya jagoranci kafa gidauniyar APSF mai kare marasa lafiya a lokacin sa barci, shekara mai bi kuma aka wallafa ƙa'idar da asibitocin Harvard suka gindaya: mai sa barci ba ya barin ɗakin, kuma a auna hawan jini aƙalla kowane minti biyar. Daga 1990 maƙalen ya zama wajibi a wurin ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka.

Rabon bai yi daidai ba. Wani bincike na 2010 ya kiyasta ɗakunan tiyata fiye da 77,000 a duniya ba su da na'urar, abin da ya sa aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011 don raba ta. Ga kuma batun da ya shafi baƙar fata kai tsaye: a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano cewa na'urar kan kasa nuna ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙe kusan sau uku fiye da yadda take kasawa a jikin farare.