Baƙon da ya gyara rundunar Amurka ana tsakiyar yaƙi

A hunturun 1777 zuwa 1778, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, rundunar Janar George Washington tana jibge a sansanin Valley Forge. Yunwa da sanyi da cuta sun galabaita ta, sojojin Ingila kuma suna riƙe da birnin Filadelfiya. Kowane rukuni na rundunar da nasa salon atisaye, har haɗa su a fagen daga ya zama aiki ja.

A Fabrairun 1778 Baron von Steuben, tsohon hafsa daga ƙasar Furushiya ta Jamusawa, ya iso sansanin. Hafsoshin Amurka sun riga sun ƙosa da baƙin Turai masu neman muƙami kafin su nuna ƙwazo. Shi kuwa ya fara a matsayin ɗan sa-kai. Da yake Turancinsa bai nuna ba, da tafinta yake aiki. Ya zaɓi sojoji kimanin 100, ya horar da su da kansa, su kuma suka bazu suna koya wa sauran. A watan Yuni, a gumurzun Monmouth, rundunar ta tsaya daram gaban abokan gaba. Littafin ƙa'idojin horo da ya tsara, aka amince da shi a 1779, ya yi shekaru ana aiki da shi.

Sirrin nasararsa shi ne ya damƙa ƙwarewar a hannun 'yan ƙasa, ta yadda ko bayan ya bar aiki ba ta bi shi ba.